Lissafin Insulin Daga Bakin Tukunya Yake Farawa

Ranar da na fara ɗora malmalar tuwo a kan sikeli, Inna tana zaune a bakin ƙofar kicin tana tsinkar zogale. Ta dube ni, ta dubi sikelin, ta ce, "Ke 'yar nan, yau kuma tuwon ne ya koma gwal?" Na ce, "Inna, likita ne ya ce in riƙa sanin nauyin abin da zan ci kafin in yi allura." Ba ta ƙara cewa komai ba, ta ci gaba da tsinkarta. Ba a rufa wata biyu ba, ita da kanta ke ƙwala wa ƙanwata kira duk lokacin da aka ɗora ruwan tuwo: "A auna garin nan kafin a yi talge!"

Shekarata 11 da ciwon suga nau'i na ɗaya, irin wanda jiki ke daina samar da insulin, sinadarin da ke saukar da sugan jini, kwata-kwata. A Tudun Wada ta Kaduna ya same ni ina gaban iyayena, yanzu ina ɗakina a Badarawa da yara biyu. A shekarun farko adadi ɗaya nake yi wa kaina kullum, ko tuwo zan ci ko kwaɗon rama. Yau na'urar gwajin suga ta nuna 340, gobe in tsinci kaina a tsakar gida ina karkarwa, gumi na karyo mini. Na ɗauka haka ciwon yake, sai haƙuri. Sai da wani likita ya zaunar da ni, ya juya bayan katin asibiti ya yi mini lissafi da biro, sannan na gane cewa allura da abinci awo ne, kamar gishiri da miya: girman tukunya shi ke faɗin yawan gishirin.

Amma takardar da na dawo da ita gida abincin Turawa ne a jere, yankan biredi da tuffa da taliya. Babu tuwo, babu waina, babu fura. Abincinmu ba ya zuwa da rubutu a jikinsa, don haka mai dafa shi ce za ta yi masa rubutun. Shi ya sa da ke nake magana, 'yar'uwa, ko ke ce mai ciwon, ko ɗanki, ko maigida, tunda muciya a hannunki take. Namijin da ke karantawa kuma, lissafin bai canza ba.

Abin da ake ƙirgawa sunansa kabohaidiret, wato sitaci da suga da ke cikin abinci. Su ne ke narkewa su shiga jini a matsayin suga, kuma su ne insulin ɗin cin abinci ke tarba. Hatsi duka suna ciki: masara, gero, dawa, shinkafa, alkama, acca. Haka doya, rogo, dankali, gwaza, wake, 'ya'yan itace, madara da nono, rake da zuma. Nama, kifi, ƙwai, manja da man gyaɗa ba a ƙirga su. Ganye irin su alayyafo, zogale, rama, kabeji, da miyar kuka ko kuɓewa, abin da ke cikinsu kaɗan ne, ni ban cika sa su a lissafi ba sai in an kaɗa miyar da gari.

Akwai maganar da ta cika gari wadda ta cutar da mutane da yawa, cewa acca da alkama abincin masu suga ne, a ci iya ci. Na ga dattijuwar da ta bar tuwon masara ta koma tuwon alkama malmala biyu, tana mamakin yadda suganta bai sauka ba. Garin alkama da na masara da na gero duk tafiyarsu ɗaya, wajen giram 70 zuwa 75 na kabohaidiret a kowane giram 100. Wani ya fi wani saurin hawa, gaskiya ne, amma babu na kyauta. Zuma ma haka, babban cokali ɗaya giram 17 ne, ya fi na suga nauyi.

Ki fara da sayen ƙaramin sikelin kicin mai batir, mai nuna giram, irin wanda masu yin kek ke amfani da shi. Ni a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi na sayi nawa, layin masu kayan kicin. Ki tabbata yana da madannin da ke mayar da shi sifili bayan kin ɗora faranti, don kada ki auna har da nauyin farantin. Sai littafin rubutu na 'yan makaranta da biro a ɗaure a jikinsa da zare.

Ga alƙaluman da na haddace, duka a kan giram 100. Dafaffiyar farar shinkafa 28. Dafaffiyar doya ita ma 27 zuwa 28. Dankalin Turawa da na Hausa, dafaffe, wajen 20. Dafaffen wake 20. Dafaffiyar taliya 30. Biredi kuwa rabin nauyinsa ne, idan yanka ya kai giram 60 to 30 ke nan. Ɗanyar shinkafa wajen 80, garin kwaki ma 80 ko ya ɗara. Ƙaramin cokalin suga giram 4, ƙwayar suga ta kwali wajen 5. Kofin madara ko nono 12. Matsakaiciyar ayaba 25, lemon zaƙi 12 zuwa 15 gwargwadon girmansa. Kankana giram 8 kacal a 100, sai dai ba wanda ke cin giram 100 na kankana ya tsaya, musamman da zafi. Idan kin zuba shinkafa a faranti ta ba ki giram 250, sai ki ce 28 sau biyu da rabi, 70 ke nan.

Tuwo ne babban aiki, domin tuwon gida-gida ya bambanta. Wata mai tauri take tuƙawa, wata mai laushi, kuma ruwa ba shi da suga amma yana da nauyi. Saboda haka kada ki fara daga faranti, ki fara daga gari. Ki auna duk garin da zai shiga tukunya, na talge da na tuƙi, kafin ya taɓa ruwa. A gidanmu na Tudun Wada giram 1,200 na garin masara ake tuƙawa da dare. Kashi uku cikin huɗu na wannan nauyin kabohaidiret ne, giram 900 ke nan a tukunyar duka. Da aka kwashe muka ƙirga malmala 15. Raba 900 gida 15, kowace malmala ta tashi a giram 60.

Sai dai hannu ba ya kwasa daidai, ta Baba ta fi ta yara girma. Don haka sai muka ƙara mataki ɗaya: muka auna malmalolin duka, jimillarsu ta ba mu giram 3,600. Tunda 900 ne a cikin 3,600, ashe rubu'in nauyin tuwonmu shi ne kabohaidiret. Daga ranar ban sake wahala ba. In ɗora malmalata, in ta nuna 240 in raba huɗu, 60. In ta nuna 300, 75. Ki yi wannan awon sau uku a ranaku daban-daban, za ki ga lambar gidanki ta tsaya wuri ɗaya matuƙar hannu ɗaya ke tuƙawa. Da na yi aure sai da na sake awo, domin tuwon da Hajiya, mahaifiyar maigidana, ke aiko mana ya fi namu tauri, nata ya kusa kashi 30 cikin 100. Tuwon shinkafa, na dawa, teba, duk hanyarsu ke nan.

Waina ta fi sauƙi, tunda ƙirga ta ake yi. Na jiƙa shinkafa giram 500, wato kabohaidiret 400, na zuba suga babban cokali biyu a ƙullun, wajen 25, jimilla 425. Tanda ta fitar mini da guda 28, kowace ɗaya 15. In na ci huɗu da miyar taushe na san 60 ne, sai in ɗan ƙara 10 saboda kabewar miyar. Sinasir, fanke, alale, ƙosai, ɗan wake, duk da haka za ki gano su: auna busasshen kayan, ƙirga abin da ya fito.

Koko da kunu kuwa sai an yi hattara, domin ruwa-ruwa ne, suna shiga jini da gudu. Ki auna gero tun yana bushe kafin a jiƙa, ki lissafa giram 70 a kowane 100, sannan ki ga ludayi ko kofi nawa kunun ya ba ki. Dusar da aka tace tana rage kaɗan, na'ura ce za ta gyara miki wannan daga baya. Doka ɗaya da ban taɓa sassautawa ba: a ɗebar mini nawa kafin a zuba wa na gida suga. Kofi ɗaya na ware, mai ɗan tsagi a baki, shi nake sha da shi kullum, don awon kada ya riƙa yawo.

Abincin waje ba ki ga tukunyarsa ba, sai dabara. Ki riƙe mai fura ɗaya, mai waina ɗaya, ki riƙa sayen adadi ɗaya, ki ce kada a sa suga. Ki gwada jini kafin ci, ki ƙiyasta, ki yi allura a kan ƙiyasin da ya fi ƙanƙanta, ki sake gwadawa daga baya ki rubuta. Kafin ki yi sau huɗu kin san lambar furar matar nan. Na kwali da na leda kuma ki karanta bayansu, amma ki lura ko lambar ta giram 100 ce ko ta ledar duka. Lemon kwalba na santilita 35 yakan kai giram 35 ko fiye, su maltina ma ba su da sauƙi ko kaɗan, duk da ana kai wa marar lafiya su asibiti a matsayin abin ƙara jini.

To kin san giram nawa ne a farantin. Saura yunit nawa na insulin, wato awon da ake ƙirga allurar da shi.

Kafin nan ki ɗauko kwalbar insulin ɗinki ki karanta sunanta, domin lissafin da ke tafe ba na kowa ba ne. Na masu allura iri biyu ne: mai dogon zango, kamar Lantus da ke aiki kusan awa 24 ko Insulatard, da kuma na cin abinci, kamar NovoRapid, Humalog, Apidra ko Actrapid. Na cin abincin kaɗai ake hawa da sauka da shi. Idan Mixtard kike yi, wanda da yawanmu a Kaduna shi ne aljihu ke iya ɗauka, to haɗi ne, kashi 30 mai sauri da kashi 70 mai jinkiri a kwalba ɗaya. In kika ƙara shi don tuwon dare ya yi yawa, kin ƙara har da mai jinkirin, shi kuma tsakar dare zai kama ki kina barci. Mai Mixtard ƙirgar za ta yi mata amfani ta wata fuskar: allura a tsaye, abinci ma a tsaye, giram kaza da safe, kaza da rana, kaza da dare, a kan lokaci, ba tsallakewa. Shekara shida na yi a kansa, kuma da na san awon tuwo a lokacin da rabin wahalar ban sha ba.

Lambobi biyu likita zai fitar miki, kuma shi ya kamata ya fitar, ko ma'aikaciyar jinya ta ɓangaren masu suga. Zan nuna yadda ake samo su don ki fahimci abin da ake rubuta miki, ki kuma iya tambaya. Ta farko: yunit ɗaya giram nawa yake ɗauka? Ana haɗa duk insulin ɗin da mutum ke yi a yini, mai dogon zango da na abinci, sai a raba 500 da shi. Ni nawa 40 ne, 18 na dare da wajen 22 na abinci. Raba 500 gida 40 ya ba da 12 da rabi, likita ya ce mu tsaya a 12. Ta biyu: yunit ɗaya maki nawa yake saukar da suga? A raba 1,800 da wannan jimillar. Nawa ya ba da 45. Masu Actrapid wasu likitoci kan yi musu da 450 da 1,500. Waɗannan mafari ne kawai, jikin mutum ne zai faɗi ta ƙarshe. Kada ki ari lambata, kada ki ba wa wata taki. Yaron da jimillarsa 15 ce a yini, yunit ɗaya zai iya saukar masa da maki 120, kin ga lambar babba za ta iya halaka shi.

Ki kuma san yaren na'urarki. Wasu suna nuna mg/dL, irin su 110 ko 200, wasu kuma mmol/L, irin su 6.1 ko 11, kuma sakamakon ɗakin gwajin asibiti sau da yawa da na biyun yake zuwa. Tsakaninsu 18 ne: 180 daidai yake da 10. Mai na'urar mmol/L da 100 za a raba mata maimakon 1,800. Abin da ake nema ga yawancin manya shi ne 80 zuwa 130 kafin cin abinci, da ƙasa da 180 awa biyu bayansa. Mai juna biyu nata ya fi haka tsauri, yara da tsofaffi kuma akan sassauta musu.

Bari mu zauna cin tuwon dare tare. Na wanke hannu na tsane shi, domin ɗan danƙon lemo ko dabino a yatsa yana sa na'ura ƙarya. Na gwada, 210. Makin da likita ya sa mini in nufa 120 ne. Malmalata giram 240, wato 60, da ƙaramin lemon zaƙi 12, jimilla 72. Raba 72 gida 12, yunit 6 na abinci. Sai gyara: 210 a cire 120 saura 90, raba gida 45, yunit 2. Allurata 8. Da a ce 125 na gani, 6 ɗin zan yi kawai. Da kuma 75 na gani, zan rage ɗaya in fara ci nan take. Idan lissafi ya faɗo a tsakiya, kamar 6 da rabi, da dare ƙasa nake komawa, haka in ina da wanki ko doguwar tafiya a gaba. Aikin ƙarfi yana cin suga, har awanni bayan an gama shi. Ranar da zan zaga Kasuwar Bacci sayayyar Sallah nakan rage yunit ɗaya ko biyu da rana, yadda muka tsara da likita.

Lokaci ma rabin aikin ne. NovoRapid da 'yan'uwansa suna fara aiki cikin minti 15, su kai ƙololuwar ƙarfinsu a awa ɗaya zuwa biyu, su gama a awa uku zuwa biyar. Actrapid sai an ba shi minti 30 kafin ci, kuma yakan kai awa shida zuwa takwas a jiki. Daga nan ne babban kuskure ke fitowa. Kin yi allura, bayan awa ɗaya da rabi kin gwada kin ga 230, hankali ya tashi, kin ƙara yunit 3. Na farkon bai gama aikinsa ba, kin ɗora masa wani, duka biyun za su haɗu su kayar da ke. Ni ba na yin gyara sai awa huɗu ta cika daga allurar baya.

Sauran darasin a gidan biki na koye shi, a Unguwar Rimi, bikin 'yar ƙawar Inna. Na hango an jera kuloli, na leƙa na ga shinkafa ce, na shiga ɗaki na yi yunit 7. Sai dangin ango suka iso, aka ce a dakata da rabon abinci sai an gama gaisuwa da addu'a. Minti arba'in ina zaune a kan tabarma. Na fara jin leɓena na tsuma, hannuna ya kasa riƙe mayafi, maganar matar da ke gefena ta koma kamar daga cikin rijiya. Ƙanwata ce ta lura, ta ce, "Yaya, kalle ni," ta fizgo lemon kwalba daga hannun wata yarinya ta kafa mini a baki. Da na'ura ta fito daga jaka 52 ta nuna. Tun daga ranar, a gidan mutane ba na allura sai farantin yana gabana, hannuna a kansa.

Duk abin da ya gaza 70 suga ya faɗi, ko kin ji alama ko ba ki ji ba. Maganinsa giram 15 na abu mai saurin shiga: ƙwayar suga uku, ko ƙaramin cokali huɗu na suga a ruwa, ko kusan rabin kwalbar lemo mai suga, ko babban cokalin zuma. Ki jira minti 15 ki sake gwadawa, in bai haura 70 ba ki maimaita. In ya hau kuma abinci da saura, ki bi shi da ɗan biredi. Cakulan da ƙosai ba sa wannan aikin, maiƙonsu na jinkirta su. Da wuya mutum ya tsaya a 15 lokacin da jiki ke ihun yunwa, na sani, amma wanda ya shanye kwalba biyu zai kwana a 300. Ki koya wa mutanen gida wannan: in sun same ki ba kya cikin hayyacinki, kada su ɗura miki komai a baki, su kwantar da ke ta gefe, su nufi asibiti mafi kusa suna faɗa tun daga ƙofa cewa mai insulin ce.

Ta yaya za ki san lambarki ta yi daidai? Ki zaɓi abincin da kika tabbatar da awonsa, a ranar da sugan kafin ci yake lafiya. Ki gwada bayan awa biyu, ki sake bayan huɗu. In a awa huɗun ya dawo kusa da inda ya taso, lambar ta zauna. In kwana uku a jere yana ƙarewa sama, ko yana faɗuwa, sai ki kai wa likita littafin a gyara. Rana ɗaya ba hujja ba ce. Sitirif, 'yan tsinken da ake ɗiga wa jini a zura a na'ura, na da tsada, kowa ya sani, don haka kada ki watsa su. Ki tattara su a kan abinci ɗaya: makon nan karin kumallo, mako mai zuwa na rana. Ta haka muka gano cewa da safe jikina ya fi taurin kai, yunit ɗaya giram 10 kawai yake ɗauka, da rana da dare kuma 12. Haka kwanakin da ke gab da al'ada sugana kan hau, mata da yawa suna ganin haka.

Wani lokacin lissafi daidai ne, allurar ce ba ta isa inda aka aike ta ba. In kina soka wuri ɗaya kullum, naman wurin yana dunƙulewa ya yi kamar ƙwallon goruba a ƙarƙashin fata, insulin kuma ba ya ratsa shi yadda ya kamata. Ki riƙa zagayawa, ciki, cinya, bayan dantse, kina barin faɗin yatsa tsakanin jiya da yau. Mai allura irin ta biro ta fara fesar da yunit 2 a iska, in ta soka ta ƙirga goma kafin ta zare. Insulin mai launin madara a murza shi a tafin hannu har ya haɗe. Mai sirinji kuma ta duba lambar da ke jikin kwalba da ta jikin sirinji su zama ɗaya. In kika ja insulin U-100 da sirinjin U-40, kin yi ninki biyu da rabi na abin da kike nufi, yunit 10 ya zama 25.

Zafin Maris da Afrilu a garin nan yakan haura digiri 35, ga wuta sai ta ga dama. Kwalbar da ba a buɗe ba wurinta firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, nesa da gidan ƙanƙara, domin wadda ta daskare ta mutu ko da ta narke. Wadda aka buɗe kwana 28 ne, ki rubuta ranar a jikinta. In babu wuta, ƙaramin tulun ƙasa nake girkawa a kan jiƙaƙƙen yashi a lungun ɗaki, in sa insulin a robar da ke rufuwa ruf, in zura ta ciki in rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Kada ki bar shi a mota ko a jakar da rana ke duka. In kin ga kwana biyu suga ya ƙi sauka ba dalili, ki zargi kwalbar kafin ki zargi kanki.

Ranar rashin lafiya dokar ta juye. Zazzaɓin cizon sauro yana tayar da suga ko da mutum bai sa komai a baki ba, don haka ba a dakatar da mai dogon zango wai don ba a ci abinci ba. Wannan kuskuren ya kwantar da mutane da yawa. Ki sha ruwa sosai, ki gwada duk awa uku zuwa huɗu. In ya wuce 250 ya ƙi sauka, ga amai, ga ciwon ciki, ga numfashi da ƙyar, jini ne ya fara tsami, ba abin jira gari ya waye ba ne. A nufi Barau Dikko ko duk asibitin da ya fi kusa. Masu cewa a bar allura a koma shuwaka da tafarnuwa, na san da yawansu don ƙauna suke faɗa, amma mai nau'i na ɗaya ba shi da madadin insulin. Kafin a gano shi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, a fara yi wa mutane a 1922, yaran da ciwon ya kama ba sa daɗewa.

Azumi magana ce tsakaninki da likitanki da malaminki, kuma tun watan Sha'aban ake yin ta. Mai nau'i na ɗaya tana cikin waɗanda azumi ke da haɗari a gare su. Wadda aka yarje mata, ƙa'idar likitoci ita ce ta karya in suga ya gaza 70 ko ya haura 300, ko da saura minti goma a kira Magariba. Dabino kuma yana shiga lissafi, kashi uku cikin huɗu na nauyin namansa suga ne. Ƙaramin busasshe wajen 5 ne ko 6, manyan masu laushin nan kuwa ɗaya kan kai 18. Ga kunu, ga ƙosai, ga kankana, kafin a kai ga tuwo an haura giram 100 ba a sani ba.

Shafin jiya Laraba a littafina ga abin da ke ciki. Dare: tuwon masara giram 240, miyar busasshiyar kuɓewa, lemo ɗaya, jimilla 72. Kafin ci 138, yunit 6, babu gyara. Bayan awa biyu 171, kafin barci 126, sai Lantus 18. A gefen shafin na ja layi biyu a ƙarƙashin garau-garau, domin sau uku ke nan yana yi mini abu ɗaya: awa ɗaya bayan ci suga ya yi ƙasa, awa huɗu kuma ya haura 200, saboda wake da mai suna riƙe abincin a ciki insulin ya riga shi isa. Ranar Litinin ina da ganin likita, zan tafi da littafin in tambaye shi ko a raba allurar garau-garau biyu, rabi kafin ci, rabi bayan awa ɗaya.